Ranar da Baba Ya Kira Ni Ban Amsa Ba

A wata ranar Litinin cikin watan Yulin 2008, ana ta shirin gasar Olamfik, ina da shekara tara, na tsaya ba takalmi a saman rufin benen da muke haya kusa da titin Zhanxi Lu a ƙasar Caina. Mai gidan, wani dattijo ɗan Caina da Baba yake kira Laoban, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a layi, ya ce mu taka su kada ko ɗaya ta yi ƙara. Mu huɗu ne, ni da jikokinsa uku, zufa tana bin bayanmu. Da takarda ta motsa a ƙarƙashin ƙafata sai ya girgiza kai ya ce "meiyou", wato babu, in koma farko.

Laoban ya yi shekaru yana aiki a Japan, can ya koyo abin da ake kira ninjutsu. Ni kuwa na ɗauka za a koya mana tashi sama da jifa da wuƙaƙe kamar a fim. Ashe ba haka abin yake ba. Wata biyar muka yi muna koyon faɗuwa ba tare da jin ciwo ba, da riƙe numfashi, da lura da ƙofar fita a duk ɗakin da muka shiga, da tsayuwa jikin bango har tsuntsu ya manta da mu. Naushi sai can ba a rasa ba. Da na yi ƙorafi, Baba ya fassara mini amsar dattijon: "Wanda ya kai ga dambe ya riga ya makara. Wannan ilimin haƙuri ne da tsira." Baba ya yi dariya ya ce ai ko a Kano ana cewa gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato. Makaranta ba na zuwa. Aikina jera kwalayen takalma da tankaɗen garin tuwon da Umma take sayar wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi a kasuwar Canaan, don haka rufin nan shi ne makarantata. Darasin da ya fi zauna mini shi ne wanda Laoban yake gwada mu da shi: in ka ɓuya, kada ka fito don muryar kowa, ko da ta wanda kake so ce.

A lokacin an matsa da duba takardun baƙi, bizar Baba kuma ta ƙare, an kasa sabunta ta. Tamu bizar, ni da Umma, ba ta ƙare ba, amma wa zai yi wa yarinya wannan bayani? Ni dai na ji manya suna cewa ana kama mutane. Wata rana da hantsi, Umma ta fita da kulolinta, aka buga ƙofa da ƙarfi. Kafin Baba ya buɗe na shige bayan kwalaye na lafe. Na ji 'yan sanda suna magana da shi, na ji yana zuba kaya a jaka. Sai ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na yi shiru. "Uwata, fito, ba abin da za a yi miki." Hawaye na zuba, amma ko numfashina ban bari ya ji ba, har ina jin daɗin na iya darasi. Ya sake kira a hankali, sannan ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Ƙofa ta rufe.

Sallama kawai yake so mu yi. An mayar da shi Najeriya, mu kuma sai bayan wata huɗu Umma ta gama sayar da kayan muka bi shi. Saura mako biyu mu taso aka bugo waya cewa hawan jini ya kayar da shi, ya rasu. Ban taɓa ganin laifin Laoban ba. Abin da ya sani ya koya mini, ni ce ban kai shekarun gane lokacin da ake ajiye darasi ba.

Yanzu ina Kano da 'ya'ya uku. Suna wasan ɓuya a tsakar gida, ɗan zaman minti biyu ya gagare su, sai ka ji dariya daga bayan randa. Ban taɓa gyara musu ba. In kuma ɗayansu ya kira ni, ko sallah nake, sai na yi gyaran murya don ya san ina nan.