Takardar Agwagwar Baba

Ko da zan tsufa har in riƙa cakuɗa sunayen jikokina, ba na jin zan manta da watan da muka yi muna zaga Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, muna nema wa agwagwa takardar likita. Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma in taya su, amma a lokacin wurin kwanan mahaifina da lafiyarsa duk a kan takardar nan suka rataya.

Babanmu dilan atamfa ne, kuma a unguwar Miskine aka haife mu duka. Da rikici ya ɓarke muka tsere Kamaru kamar sauran mutane, a can kuma Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Da abubuwa suka lafa muka dawo, muka tarar da gidanmu ba rufi ba ƙofa, sai muka sauka a gidan baffanmu, ƙanen Baba, a unguwar Kilomita Biyar. Gangar jikin Baba ta dawo tare da mu, amma shi kansa kamar a can muka baro shi. Mutumin da a da in yana ciniki a Titin Koudoukou ake jiyo dariyarsa daga tsallaken titi, sai ya koma daga masallaci sai tabarma. In ka gaishe shi ya ce "lafiya lau", shi ke nan ka gama jin muryarsa. Barci ba ya yi sosai, kuma ko tayar mota ce ta fashe a titi sai ka ga gumi ya keto masa. Mun yi addu'a, mun yi sadaka, 'yan uwa sun yi ta ba shi baki, shiru.

Wata rana da damina, bayan an sheƙa ruwa, sai ga shi ya dawo daga sallar la'asar kansa a buɗe, hularsa a hannu. Tun da nake ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba. Na leƙa cikin hular, sai na ga wata 'yar mitsitsiyar agwagwa jiƙe sharkaf tana karkarwa. Ruwan kwata ne ya kwaso ta, shi kuma ya tsamo ta.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana, "ɗan kawo mini tsumma da garwashi, kada sanyi ya kashe baiwar Allah."

Tun dawowarmu ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Aka yi cigiya a unguwa ba wanda ya ce tasa ce. Haka ta girma a gindin tabarmar Baba, ta zama ƙatuwa, fara da ɗigon baƙi a ka. Duk inda ya sa ƙafa tana biye da shi tana rangaji. In ya shiga masallaci sai ta kwanta kusa da takalmansa har a sallame. Yaran unguwa suka laƙaba masa suna da Sango, yaren ƙasar, "Baba ti kanana", wato uban agwagwa. Mun ɗauka zai ji haushi, sai muka ga ya yi murmushi. Da hantsi zan jiyo shi yana mata magana ƙasa-ƙasa yana watsa mata tsaki, in na matso sai ya yi shiru. Barcinsa ma ya ɗan gyaru, muddin tana cikin kwandonta a bakin ƙofar ɗakinsa.

Ana nan sai 'ya'yan baffa suka tashi aure, ɗakunan gidan suka yi kaɗan. Baffa bai ce mu tashi ba, amma mai hankali ba ya jira a gaya masa. Gidan haya kuwa ya yi wuya, don masu dawowa sun yi yawa. Da ƙyar yayana ya samo wani sashe mai ɗaki uku a bayan Koudoukou, kusa da masallacin da Baba ya saba. Wannan kusancin shi ne komai a wurinmu, domin Baba ba ya iya nisa da unguwar ba tare da hankalinsa ya tashi ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar ƙasa, wadda ta daɗe a Kanada wurin 'yarta kafin ta dawo. Ranar da muka je duba gidan ta tarbe mu da fara'a, har idonta ya sauka a kan agwagwar da ke bayan Baba. Nan ta girgiza kai ta ce da Sango ita dokarta ɗaya ce, ban da dabba. 'Yan hayan da suka tashi awakinsu sun cinye mata furanni, sun bar mata tsakar gida kamar turke.

Baba ya sunkuya ya ɗauki agwagwarsa ya rungume, ya juya zai fita. Labarin zuciya a tambayi fuska, matar nan ta gani. Ta yafito ni gefe ta ce, "Yarinya, babanki lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ɗan gaya mata abin da ya sawwaƙa. Sai ta ce, "A ƙasar da na zauna, in likita ya duba mutum ya rubuta cewa dabbarsa tana cikin maganinsa, mai gida ba ya raba su. Ni ma ba zan raba su ba. Amma in na bar ku haka kawai, gobe kowane ɗan haya zai shigo mini da akuyarsa. Ina son abin da zan nuna musu. Ku kawo mini mbeti biyu, ta likitan mutane da ta likitan dabbobi. Zan riƙe muku gidan zuwa ƙarshen wata."

Mbeti dai takarda ce da Sango. Muka fito ni da yayana muna kallon juna, ba mu san ko dariya za mu yi ko kuka ba.

Da muka koma gida yayana ya ce abin mai sauƙi ne, ya san wani mai kwamfuta da zai buga kowace irin takarda har da hatimi kafin a yi sallar magariba. Baba ya ɗago kai ya dube shi.

"Gidan da aka shiga da ƙarya ba a samun barci a cikinsa."

"To Baba," na ce, "sai dai mu je wurin likitan da gaske."

"Wane likita?"

"Na ƙwaƙwalwa."

"Au, ni za ku kai wa likitan mahaukata?"

Ya juya mana baya. Mun daɗe muna son kai shi wurin likitan nan, ba wanda ya taɓa iya furtawa a gabansa sai ranar. Na ce a raina shi ke nan, gida ya tafi. Amma bayan 'yan kwanaki, da safe ina shara, sai ga Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, kwando a hannu, kan agwagwa ya leƙo ta sama.

"Uwata, ajiye tsintsiyar nan mu je. Amma ki sani ba don kaina zan je ba, don ita ne."

Muka hau taksi-moto biyu, wato acaɓa. Har yau ina ganin hoton a idona: Baba a gaba, babbar riga na kaɗawa, ya ɗora kwando a cinya, agwagwa ta miƙa wuya tana kallon shagunan Koudoukou kamar wata baƙuwar da aka ɗauko daga filin jirgi. 'Yan canji da ke bakin titi suna ɗaga hannu suna kiran "Baba ti kanana!"

A ƙofar asibiti mai gadi ya tare mu, ya ce an hana kawo wa likitoci kyautar kaji da agwagi. Na yi masa bayani cewa ba kyauta ba ce. Ya ce to in abincin majinyaci ne sai a je a yanka a dafa tukuna. Baba ya ƙanƙame kwandon ya ce, "A'uzu billahi!" Hayaniyar ce ta fito da likitan da kansa, wani mai furfura a gemu da sanyin murya. Ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, ya ce wa mai gadi, "Bar su su shigo, su ukun."

Da muka zauna ya faɗa mana gaskiya tun farko. Ya ce shi ba ya rubuta irin wannan takarda ga mutumin da bai sani ba. Sai ya duba Baba, ya zauna da shi ba sau ɗaya ba, ya tabbatar akwai ciwo kuma dabbar na taimakawa. In ya ga ba haka ba ne, ba zai rubuta ba. Nan na tuna wa'adin ƙarshen wata. Baba kuwa sai ya gyaɗa kai, da alama maganar ta burge shi.

Likita ya fara tambaya. Barci fa? "Lafiya lau." Cin abinci? "Lafiya lau." Mafarkai? "Alhamdu lillahi." Na ji kamar in tsoma baki, likita ya yi mini alama da ido in bari. Ya ajiye biro, ya leƙa kwando ya ce, "Ita wannan me take ci?"

Nan fa bakin Baba ya buɗe. Ya yi bayanin tsaki da dusa, da yadda ba ta son shinkafar da ta kwana, da yadda take gane takalmansa cikin takalman masallaci duka. Likita na saurare yana murmushi. Can ya ce, "Na ji an ce kana hira da ita. Me kake gaya mata?"

Baba ya daɗe yana shafa bayan agwagwar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, ɗan jira ni a waje."

Na fita na zauna a benci. Ban ji abin da suka ce ba, kuma har Baba ya bar duniya ban tambaye shi ba. Na dai san da ya fito idanunsa sun yi ja, kuma a hanya ya sa aka tsaya ya saya mana gasasshiyar ayaba, ya ci tasa tas.

Tsakanin zuwanmu wurin likitan nan muka shiga neman takarda ta biyu, kuma a nan ne muka sha dariya. Likitan dabbobi ya saba da shanun Fulani da karnukan Turawa, bai taɓa buɗe wa agwagwa katin asibiti ba. Ya duba fukafukanta da ƙafafunta, ya leƙa bakinta, ya yi mata allura, ta kuwa sakar masa kashi a kan tebur. Ya ce lafiyarta ƙalau, amma sai an liƙa hotonta a katin. Muka nufi wurin mai hoton fasfo. Bawan Allah ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora ta a kujera, da ya ɗaga kyamara sai ta juya masa ƙeya. Ya zagaya, ta sake juyawa. Sai da Baba ya tsaya a bayan mai hoton ya kira ta, sannan ta dubi gaba ta tsaya cak kamar mai shirin tafiya Makka. Da muka mayar da hoton, likitan dabbobi yana cike katin ya tambayi ko tana da wata alama ta musamman. Baba ya yi tunani ya ce, "Tana da kunya." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa Baba nake kallo, don shi ma dariyar yake yi, irin tasa ta da, mai ƙarfi.

Ana gab da ƙarshen wata likitan ƙwaƙwalwa ya miƙa mana takardarmu da Faransanci, da sa hannunsa da hatimi. Ya karanta wa Baba ya fassara masa: cewa yana ƙarƙashin kulawarsa saboda firgici da baƙin cikin da suka daɗe, kuma zama da dabbar nan yana cikin abin da ke kwantar masa da hankali, don haka yana ba da shawarar kada a raba su. Sannan ya ce, "Alhaji, ka samu abin da ka zo nema. In ka ga dama ka ci gaba da zuwa, in ba ka so ba dole."

Baba ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya ce, "Ranar Talata ina nan tafe. Ai ba mu gama magana ba."

Mai gida ta sa tabarau ta karanta takardun biyu daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan hoton tana ƙunshe dariya. Ta ba mu sashen da ke da ɗan fili a baya, da sharaɗin mu riƙa wanke wurin kullum, ta kuma ce in agwagwa ta taɓa mata fure ɗaya za su haɗu. Baba ya ce, "Singila mingi, Madam," wato na gode ƙwarai. Da wani maƙwabcinmu ɗan haya ya zo da ƙorafin me ya sa shi aka hana shi kiwon rago, sai ta ce masa, "Je ka kawo mbeti." Bai sake tayar da maganar ba.

Baba ya ci gaba da zuwa asibiti, da farko da kwando, daga baya shi kaɗai. Kafin azumi ya zagayo ya koma zama a shagon yayana, yana yi wa masu sayen atamfa tsiya kamar da. Bai warke sarai ba, akwai ranakun da shirun ke dawowa, amma mun samu mahaifinmu.

Abin da na koya shi ne, wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma ba aikin na bakin gaɓa ba ne ya tsaya yana dariyar abin da ya kama. Mu 'ya'yansa mun yi shekaru muna ce wa Baba ya yi haƙuri, ba wanda ya zauna ya tambaye shi me ke cinsa. Tun daga lokacin, in na ga mutum ya riƙe wani abu da ni nake gani shirme ne, ba na saurin cewa ya sake shi. Nakan matsa kusa in tambaye shi labarin abin, don sau da yawa ta nan ne ƙofar zuciyarsa take.