Kawu Gilas da Takardun Unguwarmu

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne ya raba ni da Kawu Gilas. Ni ina facin taya a wannan gefe, shi yana yankan gilashi yana haɗa firam a wancan gefe. Bangon bai kai kaurin da zai hana ni jin tarinsa ba, balle ya hana shi jin bakina. Dogo ne siriri, yatsunsa duk tabon yanka. Kullum da fensir a bayan kunnensa, kullum kuma yana neman fensir.

"Kawu, me ya ɓata?"

"Ka sani, ɗan banza."

"Wallahi ban sani ba. Duba ƙarƙashin tebur."

Sai ya gama ɓata gwiwar wandonsa sannan in ce masa ya sosa kunne.

Yana sa hoton aure a firam, yana sa madubi, amma aikin da yake so shi ne takardar shaidar gama makaranta. In aka kawo masa ita sai ya wanke hannu da sabulu tukuna, ya ɗaga ta sama, ya karanta da ƙarfi tun daga tambari har sa hannun da ke ƙasa, yana tuntuɓe a kan manyan kalmomi, don shi ma karatun nasa na yaƙi da jahilci ne. Duk takardar da ke rataye a falon unguwarmu ta bi ta hannunsa. Ya san gidan da ke da biyu, ya san gidan da ke da biyar.

Tasa guda ɗaya ce, ta 'yarsa Auta. Matarsa ta rasu Auta na shekara goma sha biyu, yayyenta biyu kuma tun suna goye suka koma. Shi ya koyi kitso don ita, kitson da in ka gani sai ka yi wa yarinyar jaje. Ta yi karatun kasuwanci, ta samu aiki a wani babban kanti a wani gari mai nisan kwana ɗaya a mota. Takardarta ya yi mata firam na katako mai ruwan zuma, gilashi biyu. Ko a motar haya ya zauna kusa da baƙo, kafin a kai tasha ta biyu baƙon ya san makin Auta.

Wata shekara aka kewaye tsohon filin tasha da kwano, aka kafa ƙarafa biyu na allon talla. Magana ta bazu cewa wani babban kamfanin kantuna na duba wurin, irin kantin da ake tura keken sayayya a ciki, ƙofa na buɗe kanta. Auta ta bugo waya ta ce in dai aka buɗe, za ta nemi aiki ta dawo gida. Ran nan Kawu ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da ya yanke ɗan yatsa. Ya sayo fenti shuɗi ya shafe ɗakinta, ya sake labule, ya sa sabon madubi.

"Kawu, amarya za ka yi ba ka gaya mini ba? Ni ne abokin ango."

"Allah ya shirye ka. Riƙe mini tsani."

To, a unguwarmu akwai wata doka da ba a rubuta ba. Duk wanda ya zo maka da takarda da biro yana murmushi, kai talaka ne, ba ka da aiki, gidan ma ba naka ba ne. Ba haka kawai muka koya ba. Shekarun baya wasu sun zo da fara'a suna ƙirga ƙofofin shaguna da tagogi, muka ba su ruwan sanyi, har muna nuna musu ƙofar baya da ba su gani ba. Wata uku sai ga haraji, kowace ƙofa da kuɗinta. Tun daga nan muka yi hankali, ko kuma muka ɗauka mun yi.

Wata safiyar Talata matar mai wanki ta shigo layi tana haki. Ta ce ta ga wasu matasa a layin baya sanye da 'yar riga mai ruwan lemo, suna bi gida gida suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, wa ya yi karatu, iya ina, akwai firji, nawa ake kashewa a cefanen wata. Ba tambarin kowa a rigarsu.

Kawu ya ajiye abin yankan gilashi. Ya ce, "Harajin albashi ne. Takarda a bango tana nufin albashi a aljihu. In suka leƙa falo suka gani, an gama da mu."

Ni na ba shi aron baro, kada in ɓoye nawa laifin. Muka bi layi uku, shi yana shiga gidaje yana sauke takardun, ni ina shimfiɗa tsumma tsakanin gilashi da gilashi. Ba wanda ya yi masa gardama, ai shi ya rataye su. Kafin azahar mun tara ɗari da sha huɗu a bayan shagonsa, fuskarsu na kallon bango. Muka bar falon mutane da tabo mai kusurwa huɗu, inda fenti bai koɗe ba.

Da matasan suka iso, unguwa ta yi wasan da ban taɓa ganin irinsa ba. Inna Nas, wadda ta yi shekara talatin tana allura a asibiti, ta ce ba ta iya riƙe biro ba, a kawo tawada ta dangwala. Tsohon hedimasta ya tambaye su ko sakandare sunan magani ne. Ni kaɗai na faɗi gaskiya, aji uku na yi, yarinyar da ke rubutawa ma har ta ce sannu da ƙoƙari.

Ita ce ta shiga wurin Kawu. Ina jingine a ƙofa.

"Baba, akwai wanda ya wuce sakandare a gidanka?"

Ya kalli ƙusar da ke bango, wadda ya sauke takardar Auta daga kanta.

"Babu, 'yata."

"Ko ɗaya? Ko wanda ba ya gari?"

"Ko ɗaya."

Da suka tafi muka yi dariya har na zauna a kan taya. Kawu bai yi sosai ba. Ya ce bakinsa na masa ɗaci.

Haraji bai zo ba. Muka ce dabara ta yi. Kantin ma bai zo ba, amma ba mu haɗa biyun ba sai bayan wata biyar, ranar da wani direba ya tsaya faci a wurina. Shi ne ke yawo da mutanen kamfanin. Kawu na zaune a kan bencina yana shan iska. Na tambayi direban yaushe za a fara gini.

Ya yi tsaki. "Nan? An fasa tuntuni. Tsallaken gada suka koma."

"Saboda me?"

"Su mutanen nan ba da ido suke zaɓar wuri ba, da takarda suke. Suna son unguwar da aka yi karatu, don mai karatu shi ke da albashi, shi ke cika keken sayayya, a cikinsu kuma za a ɗebi ma'aikatan da za su iya da na'ura. Sun turo yara sun yi tambaya a nan, aka ce a gida goma da ƙyar ka sami mai rubuta sunansa. Ga shi kuma hukumar tsallake ta ɗauke musu haraji shekara biyar."

Na juya in tsokani Kawu, don bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Sai na ga fuskarsa. Na mayar da maganar ciki.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa biki, muka ɗauki hayar a-kori-kura, muka loda takardun nan duka, don har lokacin rabinsu na shagonsa, sauran ya sake bi ya karɓo. Muka je ofishin kamfanin a cikin gari. Mai gadi ya ɗauka talla muka kawo. Da ƙyar wani saurayi mai ladabi ya fito, Kawu ya jera masa su a jikin bangon baranda, yana goge kowacce da hannun riga, yana karantowa: wannan nas ce, wannan injiniyan ruwa, wannan malamar lissafi, wannan 'yata ce.

Saurayin ya saurara har ƙarshe, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, "Baba, can an riga an zuba siminti."

"Na ji. Abu ɗaya zan tambaye ka, ɗana. Da mun faɗi gaskiya, da nan za ku gina?"

"Ban sani ba, Baba. Rahoton ya yi nauyi. Harajin can ma ya yi nauyi. Manya ne suka auna, ni ba na ɗakin."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Wallahi ban sani ba."

A hanyar dawowa gilashi uku suka fashe a ramukan titi. Bai ko waiwaya ba.

Ba wanda ya zage shi a unguwa, kowa ya san da bakinsa ya yi ƙaryar. Amma da ya zo mayar da takardu, wasu suka ce ya bari tukuna, sai sun yi fenti. Ba su yi ba. Masu takardun kuwa, matasan, ɗaya bayan ɗaya suka bi aiki tsallake, iyayen wasu suka bi su. In ka shiga falon da aka bari, tabon nan mai kusurwa huɗu na nan yana kallonka. Ni da ba na tsoron komai sai matata, na daina son shiga gidajen.

Auta ta sami aiki a sabon kantin, har aka ba ta kula da sashe guda. Amma daga layinmu zuwa can mota biyu ce da tafiyar ƙafa, ga cunkoson gada, aiki kuma ƙarfe bakwai. Ta gwada sati biyu daga gida, ta rame, ta kama ɗaki can. Da farko duk Lahadi tana zuwa. Daga baya sai ƙarshen wata.

Bai taɓa gaya mata abin da ya ce wa yarinyar mai tambaya ba. Ya sa na rantse ni ma ba zan faɗa ba, kuma wannan ce rantsuwa ɗaya da na riƙe a rayuwata sai yau, da Auta ta ce in rubuta duk abin da na sani game da shi.

Bayan la'asar sai ya rufe shago ya taka zuwa filin tasha. Kwanon ya yi tsatsa, iska na kaɗa shi yana ƙara kamar ana jan wani abu a kan siminti. Ya tsaya gaban ƙarafan nan biyu da ba a taɓa ɗora musu allo ba, hannu a baya. Wata rana na bi shi.

"Kawu, awo kake? Firam za ka yi wa iska?"

"Ba ka ji ba?"

"Me?"

"Kamar ana tura keken sayayya a ciki."

"Kwano ne, Kawu."

"Na san kwano ne."

Ta bango ina jin sa da rana, in ba ciniki, yana magana shi kaɗai. Ba doguwar magana ba. Murya ƙasa ƙasa zai ce, "Akwai. Akwai guda ɗaya." Can kuma ya sake. Ranar da na fara ji na bar guduma ta faɗo mini a ƙafa.

Shekara huɗu a haka, idonsa ya fara hazo. Ya yanke tafin hannu sau biyu a wata ɗaya. Auta ta zo da mota ta ce ba za ta bar shi ba, ya tattara. Bai yi musu ba. Ya ba ni makullin shago, ya ce takardu talatin da ɗaya suka rage, duk wanda ya zo neman tasa in ba shi, kada in karɓi ko sisi. Mutum biyu suka zo.

Na kai masa ziyara sau ɗaya kafin rasuwarsa. Hawa na huɗu, ɗaki fes, ba ƙura, ba ƙamshin katako. Auta ta fita tun da sassafe, sai magariba. Ya zauna da ita gida ɗaya kamar yadda ya daɗe yana fata, sai dai yini yake shi kaɗai a kujera bakin taga. Daga nan ana hango rufin kantin da filin ajiye motoci, mutane ƙanana kamar tururuwa suna tura kaya.

Na yi ta zuba, na ba shi labarin layi, wa ya mutu, wa ya ƙara ƙiba, na ce ya yi kyau kamar sabon gwauro. Ya yi murmushi don kada in ji kunya. Da na miƙe zan tafi ya kama hannuna, tabon yatsunsa na gogar fatata.

"Kai ba ka iya ɓoye magana ba, shi ya sa zan tambaye ka. Takardun ne, ko harajin?"

"Harajin ne, Kawu. Kowa ya sani. Shekara biyar kyauta, wa zai ƙi?"

Ya daɗe yana kallon wajen da yake zaton fuskata take. Sannan ya saki hannuna.

"Ka amsa da sauri," ya ce. "Sauka a hankali, matakalar nan tana da santsi."