Gwiwar Maƙwabciyata

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo wurina a unguwar Barking ta London don a yi mata aikin gwiwa, a ita ce na san maƙwabciyata sosai. Kafin nan gaisuwar bakin ƙofa ce kawai tsakaninmu. Doguwa ce siririya, 'yar ƙasar Norway, tana ɗan ɗingishi idan sanyi ya tsananta.

Inna ce ta fara lura. Wata safiya muna dawowa daga asibiti muka ci karo da ita, Inna ta taɓa ni ta ce, "Tambaye ta, ita ma sanyin ƙashi ne?"

Na tambaya. Ta yi dariya, ta ce wasa ne ya ci mata gwiwa. Da la'asar ta shigo da wayarta ta nuna mana. Wata budurwa ce zaune a ƙolin gini mai tsawon gaske, ƙafafunta ɗaure da dogayen katakai biyu. Ta saki jiki ta gangaro kan ƙanƙara a guje, sai ga ta a iska, ta miƙe kamar za ta kwanta a kan katakan, ta dira can gindin tudu.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wa ya biyo ta?"

"Babu kowa, Inna. Ita ce wannan. Gasa ce, ana duba nisan tsalle da kyan dira."

Muna shan shayi ta ba mu labari, ina fassarawa. Tun tana ƙarama take bin wanta filin. A lokacin, in ji ta, a garinsu 'yan mata ake fara turawa su gwada tudun kafin maza su soma gasarsu. Daga baya ta shiga ƙungiyar ƙasarsu, ta je Japan, ta je Jamus. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Sau ɗaya ta zo ta uku, ta faɗi hakan ba tare da wata damuwa ba. Sai ranar da iska ta juya tana sama, ta faɗo a kan ƙafar hagu. Aka yi mata aiki, ta yi jinya, ta koma.

"Ƙafar ta warke," in ji ta. "Amma idan na zauna a can sama sai in kama tunani. A da ba na tunanin komai."

Bayan lokacin sanyi biyu ta ajiye wasan, ta zo London aiki.

Inna ta ce, "Uwarta fa? Tana kallo?"

Maƙwabciyata ta ce uwar takan zo, amma baya take juyawa, sai ta ji ihun mutane sannan ta waiwayo. Inna ta gyaɗa kai. Ba ta jira na gama fassara ba.

Bayan an yi wa Inna aiki, kullum maƙwabciyar nan sai ta leƙo. Ita ta koya mata hawa matakala, ƙafa mai lafiya a gaba, mai ciwo a baya. Inna na mita da Hausa, ita tana ƙarfafa ta da Turanci, babu mai jin wata, kuma ban ga sun taɓa nemana ba. Inna takan ce mata "'yar nan", ta ajiye mata masa a ƙwarya rufe da faifai.

Inna ta koma Kano ba sanda. Da sanyi ya zagayo, maƙwabciyata ta tattara ta koma garinsu koyar da ƙananan yara mata tsallen. Wasu ma'aurata 'yan Ghana ne a gidan yanzu.