Sawun Ƙafar Hagun Nasiru

Rubuta, Afnan. Ajiye salular nan ki kama alƙalami. Labarin babanki ne, so nike a kai shi Dakoro a karanta ma ƴan'uwa yadda na faɗe shi. Sa sunana a sama: Mai Moussa, mai bin sawu. Shekara arba'in, in raƙumi ya ɓata ko an kore ma wani shanu, ni ake kira in duba ƙasa in ce ga inda suka bi.

Nasiru shi ne na huɗu cikin ɗiyana. Tun yana ƙarami bai iya tafiya ba, sai gudu. A aike shi kasuwa, kafin uwarsa ta hura wuta ya komo. Lakkwal, wato karatun boko, ta ɗauke shi, daga Maraɗi sai Yamai, daga Yamai sai Paris. Wajen Porte de la Chapelle ya zauna, su uku ɗaki guda. Can ya koyi iyo yana da shekara ashirin da shida, cikin ƴan yara, mutumin da tabkin garinmu bai taɓa wuce ma gwiwa ba. Da ya samu aikin gwajin ruwan sha a Lyon ya tare nan Bron da uwarki Ruwaida, sai ya shiga wasan da ake ce ma tiriyatlon. Ka yi iyo, ka fito jiƙe ka hau keke, ka sauka ka kama gudu, duk ba hutu. Na tambaye shi wa ke korarsa. Ya ce babu. Na ce to, Allah shi kyauta.

Bara da kaka ya faɗi da keke a wata gangara, jijiyar cikin gwiwar hagu ta tsinke. Likitoci suka yi masa aiki, suka haɗa shi da wata mata mai motsa gaɓoɓi, kine suke ce mata.

Nan laifina ya shigo, kuma kada ki gyara mini shi, amarya, rubuta yadda yake. Ina Dakoro, kullum bayan asuba sai in sa a latsa mini salula in aika masa murya: "Nasiru, ya jiki? Lallaɓa ƙafar nan. Kada ka ɗora mata nauyi, bar ma ta dama aikin." Haka muke gaida marar lafiya, haka muke yi ma dabba in ta karye. Wata bakwai ban fasa ba ko rana ɗaya.

Da na zo nan cikin watan Afrilu na tarar yana iyo, yana hawan keke, yana ɗan sassarfa. Gudun sauri ne ya ƙi. Mai horon ƙungiyarsu, Mushe Ilyes, wani ɗan Aljeriya da ke zaune a Rillieux, ya ce masa mutum huɗu za su tafi gasar Paris. In yana son gurbinsa, kafin ƙarshen Mayu sai ya zaga fili, mitir ɗari huɗu, sau goma da sauri. Nasiru kuwa da ya kai zagaye na uku sai ƙugun dama ya riƙe, ya tsaya. An ɗauki hoton gwiwar, an ce lafiya lau take. Ruwaida ta same ni a kicin ta ce, "Baba, ku yi masa magana. Ya ce in Mayu ta wuce bai yi ba, ya bar gudu ke nan har abada. Ni na san zaman da za mu yi da shi a gidan nan."

Na ce ya tafi da ni inda yake gwajin. Muka hau tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Parilly. Filin nasu jar roba ce, ba ta riƙe sawu, na dube ta ban ga komi ba. Amma an yi ruwa da safe, ga wata hanyar ƙasa ƙarƙashin itatuwa. Na tsinci busasshen reshe na share taku talatin.

Na ce, "Cire takalmi."

Ya ce, "Baba, mutane na kallo."

Na ce, "Su kalla. Ba su taɓa ganin ƙafa ba? Ruga."

Ya ruga. Na bi sawun na duƙa. Na dama ya nutse, yatsu biyar sun tona ƙasa. Na hagu kuwa kamar kaza ta gitta, ya karkace waje, kuma takunsa bai kai na ɗan'uwansa ba da taƙi guda. Da raƙumi ne sai in ce an ɗaure masa kaya gefe ɗaya.

Na ce, "Tana maka ciwo?"

Ya ce, "A'a."

"To don me kake ɓoyon ta?"

Ya dubi sawun nasa. Can ya ce, "Ku kuka ce in lallaɓa ta, Baba. Kine ta ce in taka, ku kun ce kada in taka. Da na tashi ɗora ta sai in ji muryarku."

Wallahi, Afnan, sai da na nemi benci na zauna. Ga mai ɗiya biyu, da furfura a gemu, wata bakwai yana ɗingishi saboda gaisuwata. Na ce masa, "Na janye maganata. Daga yau ban ƙara tambayarka ƙafa."

Sai na gaya masa abin da muke yi. Raƙumin da ya warke amma ya saba ɗingishi, ba a jansa shi kaɗai. Sakinsa ake cikin garke ranar da za a shayar da su, in ya ga ƴan'uwa sun nufi rijiya sai ya manta wace ƙafa ce. Nasiru kuwa tun aikin nan gujewa abokansa yake, yana zuwa fili lokacin da ba kowa.

Ya ce, "Ni da nike gaba, in koma wutsiya?"

Na ce, "Koma. Ban taɓa zuwa jana'izar wanda ya zo na ƙarshe ba."

Ya faɗa ma kine, ta yarda, amma ta ce ya fara da zagaye huɗu, a riƙa ƙara biyu duk sati. Ranar Talata da la'asar muka tafi. Mushe Ilyes ya gan ni da reshena, ya yi wata magana da Faransanci, kowa ya kwashe da dariya. Nasiru ya ce wai cewa ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da agogo, yau ga tsoho da ƙirare zai ƙwace masa aiki. Na ce a gaya masa ban so, aikin nasa tsayuwa ta yi yawa.

Satin farko shi ne ƙarshe a duka zagaye huɗun, ya dawo gida bai kula kowa ba. Na biyu ma haka. A na uku ya wuce wani mai ƙiba, har ya ci tuwo kwano biyu.

Talatar ƙarshen Mayu aka yi goman. Ni ban gane agogonsu, sai na zauna bakin fili na rufe ido ina sauraren taku in sun gitta. Har na shida ina jin ɗan bambanci, ɗaya da ƙarfi, ɗaya da kunya. A na bakwai, in ji shi daga baya, wani dogo ya zo zai wuce shi a kwana, kin san zuciyar babanki, bai yarda ba. Da suka sake gittawa na nemi takunsa cikin na mutane na rasa, duk sun zama iri guda. Na buɗe ido na gan shi na uku. Ya gama goman ya kwanta kan ciyawa yana haki. Mushe Ilyes ya duba agogo ya ce sai an ga yadda gwiwar ta kwana, in ta kumbura babu Paris.

Da safe bayan salla na ce ma Nasiru ya miƙo ƙafar. Na yi alkawarin ba ni tambaya, don haka ban ce komi ba, tafin hannu kawai na ɗora. Sanyi ƙalau, ba kumburi, ƙashin ya fito sarai kamar na dama. Ya kira Mushe Ilyes, ina jin muryar mutumin daga salula yana ihu. Sunan Nasiru na cikin huɗun da za su tafi Paris, jirgin ƙasa ranar Juma'a ta ukun Yuni.

Ruwaida ta jingina da bango ta ce alhamdulillahi ya fi sau biyar. Ni kuwa na ce a kawo mini burodin nan nasu mai tauri da shayi, yunwa nike ji.