Ɗigon Jan Farce a Kan Murfin Roba

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe tara na safe, mu uku ne a bayan gidan abokina a Karshi: ni da shi da matarsa. An yi musu rasuwa a Kwali, za su yi mako guda, shi ne ya miƙa mini makullin ɗakin macizansa.

Abokina kiwon ƙananan mesa yake yi, irin marasa dafin nan masu dunƙulewa kamar ƙwallo idan sun tsorata. Masu sha'awa daga Legas ne suke saye. Ban taɓa son sana'ar ba, amma amana amana ce.

"Malam, ruwa kawai za ka canza musu," in ji shi. "Kada ka taɓa komai."

Matarsa ta yi dariya. "Wannan? Mai jera takalman mutane a ƙofar masallaci? Allah ya sa mu dawo mu gane ɗakin."

Ni tsohon ma'aikacin sito ne, idona ba ya jure hargitsi. Ɗakin kuwa robobi ne barkatai, kowace da macijinta, wasu murafan da ɗigon ja kamar an fallatsa manja. Na daure, na daure, ran Talata na naɗe hannun riga. Da farko na kwashe jariran macizan, duk launinsu ɗaya, baƙi da ruwan ƙasa, na tara su a baho. Sannan na wanke robobin, na sa soson ƙarfe na kankare ɗigon nan tas. Daga ƙarshe na mayar da jariran cikin robobin, na jera su daga ƙarami zuwa babba. Na ja da baya na yaba wa kaina, har ina shirya wa'azin tsabta da zan yi masa.

Da suka dawo, abokina ya tsaya a bakin ƙofa yana bin murafan da kallo.

"Malam, ina jan farcen?"

"Dattin nan? Na wanke."

Sai ya zauna a kan bokiti. Ya nuna mini wani babban namiji, zabiya, fari da rawaya mai jajayen idanu, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi kafin ya saye shi. Ya ce 'ya'yan zabiya da uwa baƙa ba sa fitowa zabiya. Kamar sauran suke a ido, launin yana ɓoye a jininsu, sai an haɗa biyu masu ɗauke da shi yake bayyana a nasu 'ya'yan. Don haka kuɗinsu ya ninka na gama-gari sau da yawa. Su ne ya ɗiga wa jan farcen matarsa a murfi. Rabin jariran nan su ne, kuma wani mai kiwo daga Legas yana zuwa ɗaukarsu. Da cinikin ne zai biya kuɗin makarantar yaransa.

Na leƙa robobin ɗaya bayan ɗaya. Wallahi jariran kamar an buga su a inji ɗaya.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu ba wankin ba ne, maganar da na yi ce bayansa. Na ce, "To a ware rabi a ce su ne. Wa zai gane?"

Ya dube ni. "Kai ne da wannan magana, Malam? Mutumin zai ciyar da su shekaru yana jira. Ƙwai ba ya ƙarya."

A gabana ya kira mutumin ya faɗa masa gaskiya, ya sayar masa da su duka a farashin gama-gari. A zangon karatun nan, gonar rogonsa ya jinginar ya biya kuɗin makarantar. Matarsa ba ta tsokane ni ba, ruwa ta kawo mini. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Mun daɗe da wuce wannan, zumuncinmu yana nan. Bara abokina ya turo mini hoton da mutumin Legas ya aiko masa: jariran nan sun girma sun yi ƙwai, ƙwan sun fashe, ga kawuna fari da rawaya suna leƙowa. Abokina ya rubuta a ƙasa, "Ga jikokin tsabtarka." Na yi dariya, amma har yau ban iya sake buɗe hoton ba.

Ina roƙonka, mai karatu: in an ba ka amanar ɗakin wani, ka ga abin da ya yi maka kama da datti, ajiye soson, ka kira mai ɗakin tukuna.