Goggo da Marayun Cikin Littafi

Goggona tela ce, kuma ban taɓa ganin mai karatun littattafan yara irinta ba, musamman na tsafi da dodanni. A ƙarƙashin keken ɗinki take ajiye su, cikin kwandon ƙyallaye. Ta karanta, ta yi tsaki, ta jawo wani.

Ba wanda ya tsira daga bakinta. Jaruman, in ji ta, sangartattu ne da ko cokali ba su taɓa wankewa ba. Tsohon bokan da ke koya musu sihiri kuwa rago ne, mai tura yara aikin da shi ya gagare shi. Mayya kaɗai take tausaya wa, wai a duk littafin ita ce mai sana'a.

A hannunta na tashi. Da mahaifiyata ta rasu, babana ya kawo ni wurinta, ya ce zai dawo. Na karance kwandon nan tas, na lura kullum maraya ake zuwa ɗauka: baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce an daɗe ana nemansa. Sai na koma zaman bakin taga, jakata a shirye.

Ranar da Goggo ta gane, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ciji zare, ta tofar.

"Tashi ki share min shago, 'yar nan. Waɗancan marayun ɓata suka yi, shi ya sa ake nemansu. Ke fa? Ubanki ko ido rufe ya san hanyar gidan nan."