Ganyen hatsin da Yaya Ila bai samu karantawa ba

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka rufe yayana Ila a Tchaké, ni kuwa ƙanwarsa har na girme shi nesa ba kusa ba.

Shi kaɗai ne a gidanmu ya yi nisa a lakkol, wato boko, har aka tura shi Turai karatun tsirrai. Can ya koyi aiki da wata na'ura mai haska ganye da hasken da ido ba ya gani, wanda suke kira infaruj. Ya ce mini bayan ganye yana da siririn maiƙo kamar kakin zuma, shi ke hana ruwa tserewa. In an haska, ganyen ya shanye wani sashen hasken ya maido saura, na'urar ta zana layi mai tudu da kwari. A layin nan ake gane irin maiƙon. Burinsa ya gano hatsin da ya fi jure ƙishi.

Ya dawo gida ana tsakiyar fari, soja na mulki. Aka ajiye shi a ofishin noma na Mayahi, aka riƙe fasfonsa kamar na sauran ma'aikata. Na'urar kuwa ba ta biyo shi ba. Sai ya riƙa bin gonakin da suka ƙone, daga garin Sarkin Hausa har Baoudetta, yana neman tsiron da ya rage kore. Ya tsinki ganye, ya danne a tsakanin takardu, ya rubuta sunan mai gona. Malaminsa na Turai ya aiko cewa ya zo da ganyen, wata uku sun isa a haska su.

Izinin fita ne ya gagara. Ya rubuta wa na sama da shi cewa damina ta lalace, a lokacin da ba a son jin haka. Tun daga nan, duk zuwan da ya yi neman izini amsa ɗaya ce: takardarka tana bisa. Na taɓa ce masa, "Yaya, ka bi ta Katsina mana, wa zai sani?" Ya ce, "In na tsallaka, ke da Inna za a kira, Hadiza." Ban ƙara tada maganar ba.

Damina huɗu yana jira. A ta uku gara ta shiga akwatin ganyen. Na same shi tsugunne yana kakkaɓe garin ganyen da ya rage. Ya sake tarawa daga farko. Ciwon hanta ya ɗauke shi kafin ya gama.

Yau an ce akwai irin na'urar da ake riƙewa a hannu, a shiga gona da ita. Da ya gani, na san zai yi dariya har da hawaye. Sai dai zai waiga ya ga kaki ya dawo kan mulki, damina tana ta yi mana rowa, masu ilimi irinsa suna zaune a ofis suna jiran sa hannu.

Bai bar littafi ba. Amma kafin ya kwanta ciwo ya ba matarsa Rabi damin wani hatsi, ya ce yana zaton wannan ne mai jure ƙishin. Ita ta shuka, maƙwabta suka roƙa, yanzu ana ce masa ɗan Ila. Wasu shekarun ya tsaya, wasu ya faɗi tare da sauran. Ko Yaya ya yi daidai, har yau ba wanda ya auna. Bana ma mun shuka.